Zafin Furosesa Da Zafin Warra

Kusan duk saitin ƙara wa kwamfuta gudu da za ku gani a intanet, a ɗaki mai sanyi aka gwada shi. Ba a cika faɗar wannan ba, mu kuwa nan Warra shi ne ya fi shafarmu. Mutum yana zaune a Jamus ko Kanada, zai nuna maka furosesarsa tana aiki a kan digiri 70, ya ce ka sa lamba kaza da lamba kaza, kai ma haka za ka samu. Ba ƙarya ya yi ba. Sai dai ɗakinsa bai wuce digiri 21 ko 22 ba, namu kuwa a watan Afrilu, ƙarƙashin kwano, da ƙarfe biyun rana, yakan taɓa 40, wani lokacin ma ya ɗara.

Mu uku ne muke riƙe da ɗan shagon kwamfuta a garin nan. Muna buga takardu, muna hoton fasfo, amma abin da ke ciyar da mu shi ne haɗa bidiyo: biki, suna, walimar sauka, taron 'yan siyasa in lokacinsa ya zo. Masu kawo aiki daga Ngaski suke zuwa, da Libata, da Shanga, da ƙauyukan tsallaken ruwa ta ɓangaren Borgu. Wanda ya hau jirgi ya ƙetaro tafkin Kainji ran kasuwa, so yake ya karɓi bidiyon auren 'yarsa kafin jirgin yamma ya tashi. In ka ce masa sai wani mako, ka ɗora masa wani kuɗin jirgin, kuma da wuya ya sake kawo maka aiki.

Bayan an gama yanke-yanke da jera hotuna da ɗora sauti, sai a bar kwamfuta ta dunƙule komai ya zama fayil guda. Wannan matakin, da muke kira renda, ba ya bukatar hannun mutum. Furosesa ce ke dakonsa, wato ɗan gutsuren nan da bai kai faɗin akwatin ashana ba wanda yake yin duk lissafin na'urar. Duk tsawon lokacin da take yi kuwa janareto na shan mai. Baƙo yakan yi mamakin jin haka, tunda ga mu a bakin ruwan da ke juya injinan Kainji, dam ɗin da aka kammala a 1968, mai ƙarfin megawat 760, wanda aka tashi mutane fiye da 40,000 daga gidajensu saboda shi. To haka dai abin yake, wutar layi takan zo, takan tafi, ba ka yi wa mai biki alkawari da ita. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Daga nan minti goma na renda ya zama kuɗin da ake ƙirgawa. Sabuwar kwamfuta kuwa sai dai mu kalle ta a hoto.

Abin da ya kai mu ga obakulok ke nan. A shago ce wa muke ƙara mata totur. Ita furosesa da bugu take aiki, kamar mai kiɗan da kowane bugu sai an ɗaga ƙafa sau ɗaya. Gigahaz ɗaya na nufin bugu biliyan ɗaya a daƙiƙa. Kamfani yakan tsayar mata da gudu ƙasa da abin da za ta iya, don ta yi aiki lafiya a kowane gida. Mai obakulok wannan rarar yake nema. Tsohuwar sana'a ce. Tun 1998 matasa suka gano cewa Celeron 300A ta Intel, mai araha, da aka sayar a kan megahaz 300, tana yin 450 in an canza lamba guda a madabod, ta kamo waɗanda suka ninka ta tsada.

Ba kowace ce ke yarda ba. Yawancin kwamfutocin gwanjo da ke shigowa ƙasar nan na ofis ne, HP da Dell, an kulle musu wannan ƙofar tun daga kamfani. Tamu haɗi ce: Core i5-2500K, wadda ta fito a farkon 2011, a kan madabod mai Z68. Harafin K ɗin nan shi ne alamar ba a kulle ta ba. Ta girmi yaron da ke mana aike, amma har yanzu tana ja. Lissafinta mai sauƙi ne: megahaz 100 sau 33, ya ba da gigahaz 3.3. Ka shiga BIOS ka mai da 33 ta koma 44, ka samu 4.4. Minti biyu ya ishe ka.

Wahalar tana bayan nan. In ka ƙara gudu, dole ka ƙara mata wuta, wato bolt, in ba haka ba lissafi ya riƙa kuɓuce mata, allo ya yi shuɗi, aiki ya watse. Zafi kuma ba ya bin bolt kai da kai, ninkawa yake yi. Ka ƙara bolt da kashi 10 cikin 100, misali daga 1.20 zuwa 1.32, zafin da take fitarwa zai ƙaru da wajen kashi 21, tun ba a sa na ƙarin gudun ba. In gudun ma ya ƙaru da kashi 30, sai ka tarar zafi ya haura da fiye da rabi. Kuma kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ku. An yi wa wannan furosesar kiyasin wat 95. Wat 95 a kan bolt 1.2 na nufin wajen amfiya 80 ke ratsa ta, kusan abin da mai walda ke aiki da shi in yana liƙin ƙaramin ƙarfe.

Saboda haka ba ma fara renda sai da ƙaramar taga a gefen allo. HWMonitor muke buɗewa, wani lokacin Core Temp, duk kyauta ne. Akwai abin da ya burge mu da muka fahimci yadda ake karanta zafin. Ma'aunin da ke cikin furosesar Intel ba ya cewa "ina kan digiri kaza". Abin da yake faɗa shi ne saura digiri nawa ta kai iyakarta. Iyakar tamu 98 ce. In ta ce saura 20, manhajar ce ke ɗebewa ta rubuta maka 78. Mu mun fi son asalin yadda take faɗa, don tambayar da ta dame mu ke nan, saura nawa.

A nan zancen ɗaki ya shigo. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Zafi take kwashewa daga ƙarfen da ke kan furosesa ta zuba wa iskar ɗaki, kuma ba za ta taɓa sauke ta ƙasa da zafin wannan iskar ba. Abin da ya kamata a duba shi ne tazarar da ke tsakanin zafin furosesa da na ɗaki. Bajamushen nan mai 70 a ɗaki mai 22, tazararsa 48 ce. Ka ɗauko kwamfutarsa yadda take, da fankarsa mai tsada, ka ajiye a shagonmu ranar da ɗaki ke kan 40, sai ta nuna 88 ko sama. Shi saura masa 28, mu saura mana 10, alhali ba a taɓa komai ba. Har sanyaya ta ruwa da wasu ke ba mu shawara, suna cewa ku da kuke bakin tafki me zai hana, ita ma a ƙarshe iskar ɗaki take miƙa wa zafin. Masu kafa tarihi, irin waɗanda suka haura gigahaz 9 da Core i9-13900K a Disambar 2022, ruwan hiliyom suke kwararawa, mai sanyin da ya kai digiri 269 ƙasa da sifili, kuma na ɗan lokaci ne, a ɗauki hoton lambar a kashe. Wannan wasan masu hali ne, bai haɗa hanya da mai jiran bidiyon biki ba.

Wani abokin sana'armu a Yelwa ya kwafi lambobin wani bidiyo cikin Disamba, ya kai tasa 4.7, yana ta yi mana dariya wai mun cika tsoro. Gaskiya duk hunturun nan ya fi mu sauri. Da Maris ya kama sai ya kira yana cewa abin ya ɗaure masa kai, aikin da yake gamawa cikin minti arba'in yanzu yana neman awa, kuma ba abin da ya canza. Muka ce ya buɗe taga ya kalli gudun tare da zafin, kada ya kalli ɗaya ya bar ɗaya. Ashe minti uku da fara renda take kai iyaka, sai ta riƙa sauke gudu da kanta tana hawa tana sauka. A BIOS 4.7 ce a rubuce, a aikace kuwa wani lokacin ko gudun kamfani ba ta kaiwa. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Wannan rage gudun da take yi da kanta ya taɓa haɗa mu hira da wani dattijo makanikin injin jirgi da ya zo hoton fasfo. Ya ga ƙaraminmu ya ƙura wa lambobi ido, ya ce, "Yaro, me kake kallo haka kamar mai jiran sakamakon jarrabawa?"

"Zafinta nake dubawa, Baba."

"To ai sana'armu ɗaya. Duk direban da ba ya waiwayawa ya duba ɗan ruwan nan da ke tsartuwa a bayan inji, ba direba ba ne. Ran da leda ta toshe masa, sai dai ya ji ƙauri a tsakiyar ruwa. Ita taku in ta yi zafi me take yi?"

"Rage gudu take yi, Baba. In abin ya yi yawa ta kashe kanta."

Ya yi dariya ya ce, "Ashe taku ta fi namu hankali."

A wajen zafi kam tana da hankali. A wajen bolt ne ba ta da shi, kuma shi muka fi tsoro. Zafi yana da shaida: fanka ta yi ihu, aiki ya yi nauyi, na'ura ta mutu, ka bari ta huce ta tashi. Bolt mai yawa shiru yake ɓarna. Hanyoyin wutar da ke cikin furosesa sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, wuta mai ƙarfi tana zaizaye su a hankali kamar yadda ruwa ke cin gaɓa, zafi kuma yana ƙara wa zaizayar sauri. Ba za ka ga komai ba wata shida, shekara guda. Sai wata rana saitin da ya daɗe yana aiki ya fara kawo shuɗin allo, ka ƙara bolt ya lafa, bayan watanni ya dawo. Abin da ya zaizaye ba ya komawa.

Kada a ɗauka sai 'yan koyo abin ke ci. A Yulin 2024 kamfanin Intel da kansa ya amsa cewa wasu furosesocinsa na zubi na 13 da na 14 suna neman bolt fiye da kima saboda kuskure a umarnin da ke cikinsu, shi ya sa suke ta faɗuwa a hannun mutanen da ba su taɓa musu komai ba. Ya fitar da gyara, ya ƙara garanti da shekara biyu, amma wadda ta riga ta lalace sai dai a canza ta. Su can akwai inda za su mayar. Tamu in ta tafi, sai an yi cigiya a Titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja, a saka a mota, a jira, shago a rufe, a kuma yi addu'ar wadda za a aiko ba wani ne ya riga ya gasa ta ba.

Don haka ba ma barin bolt a kan Auto. Madabod in ka ƙara gudu ka bar masa zaɓi, hannunsa a sake yake, yakan zuba fiye da bukata don dai kada ta faɗi. Da hannu muke sawa, daga ƙasa, muna ƙarawa kaɗan-kaɗan har ta tsaya da ƙafarta, sai mu tsaya nan. Waɗanda suka daɗe da irin wannan furosesar a ƙasashen sanyi yawanci ba sa son wuce 1.35 zuwa 1.40 a aikin yau da kullum. Mu 1.30 muka ja wa kanmu layi, tunda zafinmu ya fi nasu. A manhajar ma lambobi biyu ne masu kama da juna. VID shi ne abin da furosesa ta roƙa, Vcore shi ne abin da aka ba ta, kuma na biyun ake kallo. Yakan ɗan sauka in aiki ya yi nauyi, wannan ba laifi ba ne, haka aka tsara shi. Wanda ke nuna gaskiya shi ne na tsakiyar renda, ba na lokacin da take zaune ba aiki ba.

Sai kuma ɗaya bolt ɗin, wanda mutanen can ba sa ko tunawa da shi, wato na bango. A ƙa'ida 230 ne a ƙasar nan. Fawa-fak ke karɓarsa ya mai da shi 12, madabod ya sake sauke shi zuwa ɗaya da 'yan kai. Ka'idar 12 ɗin nan kada ya sauka ƙasa da 11.4, kada ya haura 12.6. In wutar layi ta zo ba ƙarfi, ko ana kan ƙaramin janareto wani ya kunna fotokwafi ko injin laminetin, wuta takan nutse na ɗan lokaci. Fawa-fak mai kyau yakan shanye, mai araha ya saki. Sakamakon kuma iri ɗaya ne da na obakulok da bai zauna ba, na'ura ta mutu ko allo ya yi shuɗi. Wanda bai sani ba sai ya koma BIOS ya ƙara wa furosesa bolt, yana maganin ciwon da ba shi ne ba, yana kuma rage mata kwana. Mu kafin mu zargi saiti sai mun tambaya me aka kunna a lokacin. Akwai 'yar mita a jikin soket kullum tana nuna wutar bango. Lambar 12 da manhaja ke nunawa kuwa ba mu cika yarda da ita ba, takan yi ƙarya. Mita muke sawa a wayar rawaya da baƙa ta filogin da ba a amfani da shi. Cikin fawa-fak dai ba ma buɗewa, yana riƙe wuta ko an cire shi daga bango.

Gwaji ma sai da muka yi masa namu tsarin. Akwai manhajar Prime95, wadda George Woltman ya rubuta a 1996 don farautar manyan lambobin da ba sa rabuwa. Masu obakulok suka mai da ita ma'auni, saboda tana matsa wa furosesa fiye da kowane aiki, kuma in ta yi kuskuren lissafi ko guda sai ta faɗa. Shawarar da ake bayarwa ita ce a bar ta ta kwana tana yi, awa 12 ko 24. Wa zai ba mu man? Kuma gwajin dare a nan ba ya gaya maka komai game da rana. Awa guda muke yi, daga biyu zuwa uku na rana, ƙofa yadda take a ranar aiki, sannan mu bi da renda ta gaske mai tsawo. In ta haura 85 mun sauke, ko da ba ta faɗi ba.

A bayan littafin da muke rubuta bashi akwai shafukan da muka ware. Kwanan wata, lokaci, zafin ɗaki daga ɗan ma'aunin da ke rataye a bango, mafi girman zafin da ta kai, Vcore, da irin wutar da ake kai. Da farko babbanmu gani yake ɓata takarda ne. Littafin nan ne ya nuna mana abin da ido ba zai gani ba. In saiti bai canza ba, tazarar nan tsakanin ɗaki da furosesa bai kamata ta canza ba. Ran da muka ga ta fara faɗaɗa, daga 40 zuwa 44 zuwa 47, mun san ba rana ba ce, wani abu ne a ciki. Yawanci ƙurar hunturu ce. Lokacin da na'ura ta fi jin daɗi, lokacin ne take haɗiyar ƙurar da za ta shaƙe ta a bazara, tana taruwa tsakanin haƙoran ƙarfen kamar auduga. Wani lokacin man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen ne ya bushe ya zama kamar alli. Sau ɗaya kuma zanzaro muka tarar ya gina ɗakinsa a bayan fankar baya. Yanzu ƙarshen Fabrairu muke fitar da ita waje mu bi ta da bulowa, mu sake mai, kafin zafi ya sauka.

Daga littafin ne kuma muka ajiye saiti biyu a BIOS, ɗaya mun sa masa suna Hunturu, ɗaya Bazara. Na farko 4.4 ne, na biyu 4.0 da bolt kusan na kamfani. Damina takan bi da na farko in an yi ruwa, ta koma na biyu in hadari ya haɗu bai zubo ba. Bukukuwan bayan kaka suna faɗowa cikin sanyi, nan Allah ya taimake mu. Amma 'yan shekarun nan azumi da ƙaramar Salla sun gangaro cikin zafi, a 2024 Salla cikin Afrilu aka yi, a 2025 ƙarshen Maris. Ga cunkoson auren da ake ɗaurawa kafin azumi, ga na bayan Salla, ga hawa da ake so a ɗauka. Lokacin da muka fi bukatar gudu shi ne lokacin da ba mu da hurumin ƙara shi.

Da muka samu muka haɗa 'yar sola da batir biyu sai lissafin ya sake juyewa. Ƙaramin janareto, ko ka ɗora masa wat 150 ko 200, man da zai sha a awa ba shi da wani bambanci sosai, don haka a kansa lokaci ne kuɗi, sauri riba ne. Batir kuwa kowane wat yake ƙirgawa. Gudun da ya ƙaru da kashi 30 ya ci wuta fiye da rabi, a kan batir asara ce. Sai muka koma muna yin akasin abin da muka fara da shi: mu bar ta a gudun kamfani, mu riƙa rage bolt har inda za ta iya jurewa. Da taga ɗaya ake yi, da gwaji ɗaya, da littafi ɗaya. Takan sauke digiri da dama, fanka ta yi shiru, batir ya kai mu la'asar.

Har yanzu ba mu daidaita a kan wannan ba. Ƙaraminmu yana ganin mun mai da doki jaki. Ya ce furosesar da ta haura shekara goma ba a yi mata tanadi, a more ta kafin ta mutu don kanta, kuma yana da hujja, don ranar kasuwa mutum uku na iya tsayawa a kanka kowa na kallon rana. Babbanmu cewa yake, "Kai dai ba kai za ka je Kano ba." Na tsakiya shi ya kawo abin da muke kai yanzu. Manyan ayyuka an mai da su bayan sallar asuba, lokacin da kwano bai ɗau zafi ba, a kan janareto, da saitin Hunturu ko da a Afrilu ne, muddin ma'aunin bango bai kai 32 ba. Da ya kai, a sake kunnawa a koma Bazara. Aikin rana na batir ne. Wanda ya zo da gaggawa ran kasuwa, ana gaya masa gaskiyar lokacin da zai samu tun kafin ya biya, in ya ga jirgi zai bar shi, a ba direban jirgin gobe ya kai masa.